Yadda zaka lissafa rizistans da wat daga boltej da karant kafin waya ta narke maka

Duk kayan wutar dake gidanka ko shagonka lambobi hudu ne ke tafiyar dashi, boltej da karant da rizistans da wat, kuma in ka san biyu daga ciki to sauran biyun kalkuletar wayarka ta isa ta fitar maka dasu. Yanzu a Kaduna duk layin da ka shiga daga Rigasa har Unguwar Rimi sai kaga faifan sola a saman kwano, kowa ya zama injiniya, ana hada inbata da batir da duk wayar da hannu ya kai, sai abu ya fara wari sannan a fara neman mai gyara. Mafi yawan wannan asarar lissafin minti biyu ne zai hana ta.

Ka dauki tankin ruwa dake sama da tiyo da aka jona masa. Tsayin tankin, wato karfin da yake turo ruwan dashi, shine boltej, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan ruwan dake bi ta cikin tiyon shine karant, ana auna shi da amfiya, masu aiki am kawai suke cewa, alamarsa I. Matsin tiyon da yake hana ruwa wucewa yadda yaso shine rizistans, ana auna shi da om, alamarsa R. Wat kuma shine yawan aikin da wutar take yi a kowace dakika, ko zafi ko haske ko juya mota irin wadda ke cikin fanka ko famfo, alamarsa P. Sunayen duk na mutane ne, Volta dan Italiya wanda ya hada batir na farko a 1800, Ampère dan Faransa, James Watt dan Sukotlan, sai Georg Ohm dan Jamus malamin makaranta wanda a 1827 ya wallafa dokar da zamuyi aiki da ita.

Dokar ita ce V = I × R. In rizistans kake nema sai ka raba boltej da karant, R = V ÷ I. In karant kake nema ka raba boltej da rizistans, I = V ÷ R. Ta biyu kuma P = V × I, boltej sau karant shine wat. Iyakar abin da zaka haddace kenan. Akwai wasu biyu da suke fitowa daga cikin wadannan in ka hada su, P = I × I × R da kuma P = V × V ÷ R, wadannan biyun sune suka fi amfani a wajen aiki, musamman ta farkon, zamu dade a kanta.

Toh dauko dutsen guga ka juya gindinsa ko gefen da wayar ta shiga, akwai yar takarda ko rubutu da aka buga a jikin roba, zakaga wani abu kamar 220-240V, 50Hz, 1000W. Wutar gida a Najeriya 230 ce a ka'ida, don haka da ita zamu dinga lissafi. Karant din da yake ja shine 1000 a raba da 230, ya bada am 4.3 da dan kadan. Rizistans dinsa kuma 230 a raba da 4.35, kusan om 53. Ko ka bi ta gajeriyar hanya, 230 sau 230 ya bada 52,900, ka raba da 1000, 52.9, duk daya ne. Yanzu in dutsen ya daina zafi ka cire shi daga soket, ka murda makunninsa zuwa karshe, ka dauko mitar hannu ta awon wuta ka juya ta zuwa wajen om ka dora bakinta biyu akan kafafu biyu na kasa na filogin. In kaga hamsin da wani abu to element din, wato karfen dake yin zafi a cikinsa, lafiyarsa kalau, matsalar na wani waje, watakila soket din ne. In mita ta nuna OL ko 1 shi kadai a gefen hagu to hanya ta yanke, ko fis din filogi ko waya ta karye a gindi inda take yawan lankwasa ko tamostat mai daidaita zafi ko element din kansa, sai ka bisu daya bayan daya. In kuma ta nuna kusan sifili to waya ta hadu da waya, kar ka kuskura ka jona shi. Ka ga amfanin lissafin kenan, kafin ka dora mita ka riga ka san lambar da ya kamata ka gani, wanda bai lissafa ba ko ya ga 53 din bai san ko daidai bane ko ba daidai ba.

Haka zakayi da hita ta ruwan wanka da ake jefawa cikin bokiti lokacin hunturu, mai wat 1500 tana jan am 6.5, rizistans dinta wajen om 35. Butar lantarki mai wat 2000 am 8.7, om 26 da rabi. Ka lura duk sanda wat ya karu om raguwa yake, mutane da yawa suna dauka babban kaya shine mai babban rizistans, a'a, mai karamin rizistans shine yake bude wa wuta kofa ta shigo da yawa.

Yanzu maganar soket. Filogin nan mai kafa uku da muke amfani dashi irin na Ingila ne, iyakarsa am 13, shi yasa fis din cikinsa aka rubuta 13A. 13 sau 230 ya bada wat 2990, kace dubu uku. Wato butar lantarki da dutsen guga kadai in ka hada su a estenshan daya sun cinye shi tas, 3000 a raba da 230 am 13 da dan kadan, amma sai kaga an kara firji da talabijin da cajar waya hudu a kai saboda akwai sauran ramuka. Yawan ramuka ba shine karfin estenshan ba, duk abinda ka jona ta waya daya yake bi zuwa bango, kuma irin na arha dinnan wayar cikinsa in ka fere ta zakaga yan silala ne da basu kai ko kusa da daukar am 13 ba.

Ga inda P = I × I × R take shigowa. Akwai wani shagon dinki da aka kirani a Tudun Wada, mai shagon yace Malam duba mana soket dinnan, shekara da shekaru muna amfani dashi lafiya, daga sayen sabon dutsen guga da hita sai ya fara wari kamar ana kona leda. Na kashe wuta na kwance shi, ramin bangaren layif ya zama ruwan kasa, robar gefensa ta kumbura ta yi laushi, sukurun dake rike da waya a baya da yatsa ma juyawa yake, tagullar wajen tayi baki kirin. Nace Alhaji ai ba kayan bane suka lalace, sukurun nan ne ya saki. Yace to ai da ma a sake yake me yasa sai yanzu. Amsar tana cikin lissafi. A ce wajen da ya sakin nan yana da rizistans rabin om kacal. Lokacin da keken dinki da fanka ne kawai a kai, a ce am 2, zafin da wajen zai yi shine 2 sau 2 sau 0.5, wat 2, ba wanda zai ji. Da aka dora am 13, 13 sau 13 ya bada 169, sau 0.5, wat 84 da rabi, a waje daya da bai kai girman kwayar gyada ba. Karfen sodarin da masu gyaran rediyo ke narka dalma dashi wat 40 ne ko 60. Karant ya ninka sau shida da rabi amma zafi ya ninka fiye da sau arba'in, saboda karant din sau kansa ake yi. Kuma abin haushin fis bazai yanke ba, burekar ma bazata fadi ba, su a wajensu am 13 ne ke wucewa komai daidai, shi yasa ni duk sanda naji ance gobara daga wutar lantarki ce sukurun da ya saki da wayar da aka murda da hannu aka nade da leda nake fara zargi.

Ita kanta waya tana da nata rizistans. Wayar tagulla mai kyau mai lambar kauri 1.5, wato milimita sikwaya, tana da kusan om 12 a duk mita dubu, 2.5 kusan om 7.4, 4 kusan 4.6, 6 kusan 3, 10 kusan 1.8, 16 kuma 1.15. A dan tsakanin daki wannan ba komai bane, amma a ce ka ja wuta daga janareta ko daga gidan gaba zuwa shago mai nisan mita 50, kar ka manta wuta zuwa take ta dawo don haka wayar mita 100 ce. Da 1.5 rizistans din om 1.2 kenan, in kana jan am 10 to bolt 12 sun zube a hanya, kuma 10 sau 10 sau 1.2 wat 120 ne kake biya kawai don dumama waya. Da 2.5 asarar ta sauko wat 74. Sannan in zaka sayi waya a Panteka ko Kasuwar Gumi ko ma ina ne ka kankare silin da reza ka gani, akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata tagulla a sama, in ka kankare sai kaga fari a ciki, kuma bata da nauyi a hannu. Alminiyom rizistans dinsa ya fi na tagulla da kusan sau daya da rabi da dan kari, 2.5 dinta kamar kana rike da 1.5 ne. Saukin kudinta kenan.

Wannan lissafin dai shine dalilin da yasa manyan wayoyin da suka taso daga Shiroro, madatsar da aka gina akan kogin Kaduna a jihar Neja mai megawat 600 wato wat miliyan 600, suke shigowa tashar Mando da bolt 330,000. A lissafin sama-sama wat miliyan daya a bolt 230 yana bukatar am fiye da 4,300, ba wayar da zata dauki wannan tayi tafiyar kilomita, amma a bolt 330,000 am 3 ne kawai. Sai taransifoma ta dinga sauke shi mataki mataki, 132,000 zuwa 33,000 zuwa 11,000 har ya iso na unguwa ya koma 230 dinmu.

In ka gane wannan to ka gane matsalar sola, don a can abin juyewa yake, boltej kadan karant mai yawa. Kaya mai wat 1000 a wutar gida am 4.3 ne, amma in daga batir 12 inbata take jawo shi 1000 a raba da 12 am 83 ne, in ka kara abinda ita inbatar take ci a jikinta, don mafi yawansu kashi 85 zuwa 90 cikin dari suke fitarwa, ya haura 90. Yanzu ka hada batir da inbata da waya 2.5 mai tsawon mita biyu, zuwa da dawowa mita hudu, rizistans om 0.03, lamba ce da zakace ai ba komai. 83 sau 83 ya bada 6,889, sau 0.03, wat 200 da doriya a cikin yar wayar nan, robar zata yi laushi kafin ka gama guge riga biyu. Kuma 83 sau 0.03 bolt biyu da rabi ne suka bata a hanya, batir yana 12.4 amma inbata tana ganin kasa da 10 sai ta fara kuka tana kashe kanta, mai gida yace an sayar masa da mataccen batir alhali batirin bashi da laifi. Da waya 16 asarar wat 32 ce, da 25 wat 20. Don haka wayar batir ta zama mai kauri kuma gajera iya yadda zai yiwu, a sa mata kan tagulla a matse da kyau, a daure da sufana ba da hannu ba.

Shi yasa in kayanka sun kai wat dubu ni bana ba kowa shawarar tsarin 12. Ka hada batir biyu a jere, fulos na wannan zuwa mainos na wancan, ya zama 24, karant ya koma am 42, zafin waya ya ragu zuwa kashi daya cikin hudu. A 48 am 21 ne, zafin kashi daya cikin goma sha shida. In kuma gefe da gefe ka hada su, fulos da fulos mainos da mainos, boltej yana nan a 12, Ah ne yake ninkuwa, wato am-awa, yawan cajin da batir yake rikewa, karant din dake bin wayar inbata bai ragu da komai ba. Amma dole inbatar ta zama ta 24 ko 48 din, kar ka dora 24 akan ta 12 kace ni na fada maka.

Awa nawa batir zai kai ka, shima sau ne da rabawa. Batir 12 mai 200Ah, 12 sau 200 wat-awa 2400. In irin mai ruwa ne ko jel rabi ake so ka ci in kana so ya yi maka shekaru, saura 1200. Fanka biyu masu wat 70, talabijin wat 60, kwan LED shida masu wat 10, jimla 260. 1200 a raba da 260 awa hudu da rabi, cire na inbata ka kama awa hudu. A zafin watan Afrilu wanda ya kunna da karfe goma na dare karfe biyu zai farka cikin gumi, ba sihiri bane ba kuma algus bane, abinda ya saya kenan. Litiyom shi ana iya cinsa kashi 80 ko fiye, wannan na cikin dalilin tsadarsa. Fawa bank ma haka, 10,000mAh wato 10Ah a bolt 3.7 wat-awa 37 ne.

Wani abu kuma da ya kamata ka rike, wat din da aka rubuta a jikin kaya gaskiya ne kawai in boltej ya cika. Abinda baya canzawa a dutsen guga shine om 53 dinsa. Ranar da wuta tazo da rauni mita ta nuna 180, 180 sau 180 ya bada 32,400, a raba da 52.9, wat 612 ne kawai, boltej ya ragu da kusan kashi daya cikin biyar amma zafi ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar, shi yasa shadda take kin kwanciya. In kuma ta haura 260 dutsen zai koma wat 1,278. Kayan zafi irin su hita da dutsen guga raunin wuta baya cutar dasu, sanyi kawai zasuyi. Masu mota a ciki ne abin tsoro, firji, esi, famfon bohol, injin markade, su aikin da aka dora musu baya raguwa don haka in boltej ya sauka karant suke kara ja, koyil ya dau zafi ya kone. Sitabilaiza tana taimako amma ba kirkirar wuta take ba, in zata baka wat 1000 alhali 160 ke shigo mata to am 6.25 zata ja daga bango maimakon 4.3, wayar dake bayanta da soket dinta su ne zasu dauki nauyin.

Sai dai ba ko'ina dokar Ohm take tafiya kai tsaye ba, nan ne yara masu koyo suke rikicewa. Tsohon kwan fitila mai zare na wat 60, lissafi yace 52,900 a raba da 60, om 882. Ka dora masa mita yana sanyi zakaga sittin da wani abu ko saba'in. Mitar ba karya tayi ba lissafin ma ba karya bane, zaren tangistin ne rizistans dinsa yake ninkuwa fiye da sau goma in yayi jajir, shi yasa irin kwan nan yawanci lokacin kunnawa yake mutuwa, a dakikar farko karant mai yawa yake kwasa. Kwamfuresar firji ma in ka auna koyil dinta zakaga om goma da wani abu, in ka raba 230 da wannan sai kace am ashirin take ja, alhali in tana aiki wajen am daya ne ko dan sama, saboda koyil a wutar AC, wato irin wutar gida mai kai da komo, yana da wata turjiya ta daban da mitar om bata gani, kuma motar in tana juyawa tana tura nata boltej din baya. Amma a lokacin tashi kafin ta fara juyawa tana iya jan ninki biyar ko shida na abinda ta saba, shine kake ganin fitila ta dan dushe in firji ya tashi, shine kuma yasa karamin janareta yake shakewa. Caja da kwan LED da talabijin su kuma kar ma ka bata lokacin auna om dinsu, karanta takardar jikinsu ko ka auna karant. Caja in an rubuta 5V 2A wat 10 kenan.

Wannan ne ya kawo maganar kVA da ake rubutawa a janareta da inbata. A wutar AC bolt sau am VA yake bayarwa, wat na gaskiya sai ka kara yin sau da wata lamba da ake kira fawa fakto. Ga hita da dutsen guga lambar 1 ce don haka VA da wat daya ne, ga masu mota kuma 0.8 aka saba dauka. Inbata ko injin da aka rubuta 2.5kVA, wato VA 2500, ka dauke shi a wat 2000, kuma kar ka cika shi fal, bar masa sarari saboda tashin firji. Doki daya, wato HP da ake auna karfin mota dashi, wat 746 ne a wajen fitarwa, abinda zai ja daga wuta ya fi haka, famfo mai doki daya ka ware masa wat dubu ko sama kafin ma ayi maganar tashi.

Wajen aunawa kuma a kula, nan ba wajen gwaji bane. Boltej ana auna shi ne wuta na kunne, bakin mita daya a layif daya a nutural, ka tabbata ka juya ta zuwa AC mai alamar lankwasa kuma lambar ta haura 230, wato 600 ko 750, batir kuma DC. Om ana auna shi ne wuta a kashe, kayan a cire daga soket gaba daya, kuma kar ka rike karfen bakin mitar da yatsunka biyu don jikinka zai shiga lissafin. Karant shine mai hatsari, dole sai an yanke hanya an sa mitar a tsakiya wuta ta bi ta cikinta, kuma ramin 10A na mitar kusan waya ce mikakkiya, wanda ya bar jan bakin a ramin nan ya manta yaje ya cusa a soket zai auna boltej to layif da nutural ya hada, ko fis din mitar ya tashi ko ta fashe masa a hannu. Da ka gama auna karant mayar da bakin ramin V nan take. Ni a wutar gida ma bana son kowa ya yi wannan, nemi kilam mita mai baki kamar kaguwa, ka rungumo waya daya tak da ita ba tare da ka fere komai ba. Waya daya nace, in ka rungumo layif da nutural tare sifili zata nuna maka saboda daya na tafiya daya na dawowa suna kashe juna. Kuma in kilam din ta AC ce kadai bazata karanta wayar batir ba, sai mai DC. Jikin mutum in ya jike rizistans dinsa yana iya saukowa wajen om dubu, 230 a raba da 1000 am 0.23, wato miliam 230, alhali na'urar kariya da ake sawa a gidaje miliam 30 take yanke wuta saboda sama da haka zuciya na cikin hatsari. Don Allah Hajiya a daina tsoma yatsa a bokiti a ji ko ruwa yayi zafi hita tana ciki, a cire filogi tukuna.

Ga masu koyon gyaran kananan kaya, yan Poli da yaran shago, ga wanda zaku fi yawan yi. Kana so ka sa karamar LED ja a batirin babur ko Keke mai bolt 12. Ita LED din bolt 2 take rikewa kuma miliam 20 take so, wato am 0.02. Saura bolt 10 kenan da rizisto, dan kayan nan mai rage karant, zai shanye, 10 a raba da 0.02 om 500. Babu 500 a wadanda aka saba sayarwa sai ka dauki na sama dashi, 560, mai zanen kore da shudi da ruwan kasa. Kar ka tsaya nan, lissafa zafinsa, 10 sau 0.02 wat 0.2, dan karamin nan kwata wat ne wato 0.25, yayi kusa da iyakarsa sosai, ga shi in inji na aiki batirin yana haura 14, don haka dauki mai rabin wat. Kuskuren da ake yawan yi shine a manta a mayar da miliam zuwa am, a raba 10 da 20 a samu rabin om, LED ta yi fat ta mutu. In baka da 560 amma kana da 270 guda biyu jera su daya bayan daya, a jere tarawa ake, 540. In gefe da gefe ne guda biyu masu lamba daya rabi suke komawa, 1000 biyu su bada 500, kuma sun raba zafin a tsakaninsu.

Yunit din da mitar kati take cinyewa kuma wat dubu ne na tsawon awa daya. Wat sau awa a raba da dubu. Hita mai wat 1500 ta minti 40 yunit daya kenan, in kullum ne yunit 30 a wata. Fanka mai wat 70 ta awa goma yunit 0.7, a wata 21. Kwan LED mai wat 10 sai yayi awa dari kafin ya ci yunit daya, tsohon mai zare na wat 60 kasa da awa 17 ya cinye shi. Kudin yunit daya yana jikin rasit din da kake karba in ka sayi kati, ya danganta da rukunin layinku, lokacin da aka kara wa yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024 naira 225 aka sa, a wannan farashin hitar nan ita kadai naira 6,750 ce a wata. Ka zagaya gidan da biro da takarda ka rubuta wat din kowane kaya da awannin da yake yi a rana, firji ka bashi kamar rabin awannin da yake a jone don kwamfuresa tsayawa take tana tashi, ka tara ka yi sau 30 ka gwada da abinda mita ta ci a watan. In tazarar tayi yawa kashe komai na gidan ka cire filogai ka je ka tsaya gaban mita, in jar fitilar nan tana ci gaba da kiftawa to akwai inda wuta ke zuba ko wani ya jona a layinka, sai a kira mai waya ya bi da kilam daga bureka zuwa bureka har a gano wacce ce.